Ƙwaro Biyu, Riga Biyu

Makon nan tarihin wasu ƙwari biyu na kawo muku, dangin buzuzu, waɗanda a labaranmu muke yi wa kuɗin goro da kalmar "ƙwaro".

A 1758 masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya raba su gida biyu: Carabus da Staphylinus. Da ido ake ganin bambancin. Na farkon ɓawon bayansa ya rufe shi har wutsiya, kamar mai babbar riga, ga dogayen ƙafafu na farautar dare. Na biyun siriri ne, rigarsa 'yar shara ce, ta bar gaɓoɓin bayansa a waje. In ka tsokane shi sai ya ɗaga wutsiya kamar kunama, alhali ba shi da ƙari. A 1802 Bafaranshe Latreille ya mayar da kowannensu zuriya guda. Yau an san masu babbar riga fiye da iri 40,000, masu 'yar shara kuwa sun haura 60,000.

Dukansu da guba suke kare kai, amma kowa da salonsa. Charles Darwin ya ɗanɗana ta masu babbar riga yana ɗalibi a Kambirij. Ya kama biyu, ɗaya a kowane hannu, sai ga na uku da ba a cika samu ba. Kwaɗayi ya sa ya jefa na hannun dama a baki. Nan take ƙwaron ya fesa masa ruwa mai ƙuna, ya tofar, na ukun ma ya tsere.

Wannan wauta ce ta mutum ɗaya. Wanda ya shafe mu shi ne Paederus, mai 'yar shara, mai ratsin ja da baƙi, wanda ke bin hasken fitila da damina, musamman kusa da gonakin shinkafa. Ba ya cizo. Gubarsa a jininsa take, sai ka murƙushe shi a fata sannan wurin ya yi bororo bayan kwana ɗaya ko biyu. A 1953 masana a Italiya suka ware gubar, suka kira ta pederin. Ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998 ya sa ya addabi Kenya, inda ake ce masa ƙudan Nairobi duk da ba ƙuda ba ne. A kudancin Najeriya kuma "siket da bulawus" ake kiransa.

In ya sauka a wuyanki ko wuyanka, hure shi za a yi. In an riga an murje, a gaggauta wanke wurin da sabulu, kada hannun ya kai ido.