Zare: tarihin katin girafik, da yadda suna ke yaudarar mai saye

1/ Jiya ƙanina ya turo mini saƙo: "Yaya, wane katin girafik ne ya fi kowanne ƙarfi? Na gama haɗa kuɗin." Wata takwas yaron nan yana tari. Na ce masa dakata tukuna, ita kanta tambayar ba ka yi ta daidai ba. Tarihin da na ba shi ne zan kawo muku. Ku biyo ni 🧵

2/ Ga wanda bai sani ba: katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da kake gani a gem. Ana auna shi da firem, wato hotuna nawa yake fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Firem 30 sai a lallaɓa, 60 kuwa santsi. Ƙasa da 30, gem ya dinga tsaitsayawa ke nan.

3/ Mu koma 1996. Wani kamfani a Amurka mai suna 3dfx ya fito da Voodoo. Memorinsa MB 4 ne kacal, kuma shi kaɗai ba ya aiki, sai ka jona shi da wani katin ta hanyar waya. Amma wanda ya ga Quake ko Tomb Raider a kansa, shi ke nan, ba ya komawa baya.

4/ Sai daɗi ya ɗebi 3dfx. A ƙarshen 1998 suka sanar da sayen kamfanin STB don su riƙa ƙera katin da kansu. Kamfanonin da ke sayen kayansu suka juya wajen Nvidia, ita kuma ta fito da GeForce 256 a 1999. A Disambar 2000 Nvidia ta saye kadarorin 3dfx. Shekara huɗu, sarauta ta ƙare.

5/ A 2002 aka fara wasan da har yau ake yi mana: wasan suna. Nvidia ta fitar da GeForce4 Ti, kati na gaske, ta kuma fitar da GeForce4 MX mai araha. Duk "4" ne a jikin kwali, amma cikin MX ya fi kusa da GeForce2. Ko GeForce3 da ya girme shi yana da fasahar da shi ba shi da ita.

6/ Ba a jima ba aka fara samun gem da ke ƙin tashi sam a kan MX. Mutum ya sayi mai lamba 4, ga maƙwabcinsa mai lamba 3 yana buga abinsa, shi yana kallo. Ku riƙe wannan, don zai sake dawowa.

7/ A Nuwambar 2006 GeForce 8800 GTX ya fito a kan kusan dala 600. Shekara ɗaya bayan haka 8800 GT ya zo a kan kusan dala 250, ga shi ƙarfinsa dab da na yayan nasa. Tambayi tsofaffin 'yan gem wanne suke tunawa da kewa. Ƙaramin za su ce maka.

8/ Wanda ya fi burge ni shi ne na 2008. Nvidia ta saki GTX 280 a dala 649, GTX 260 a dala 399. Kwanaki kaɗan sai AMD, wadda ta sayi ATI a 2006, ta saki Radeon HD 4850 a dala 199 da HD 4870 a dala 299. Shi 4870 ɗin nan kafaɗa da kafaɗa yake da GTX 260.

9/ Cikin 'yan makonni GTX 280 ya sauko dala 499, GTX 260 ya sauko 299. Ba abin da aka rage a jikin katin, kishiya kawai aka yi masa. Ka ga ke nan farashin ranar farko ba shi ne darajar kati ba, shi ne iyakar abin da kamfani ke ganin za ka iya biya idan ba ka da zaɓi.

10/ A 2014 GTX 970 ya zo a dala 329, ya yi kasuwa sosai. An rubuta GB 4 a kwali. Daga baya masu gwaji suka gano GB 3.5 ne ke gudu da sauri, ragowar rabin yana jan ƙafa. Aka kai ƙara a Amurka, a 2016 aka sasanta kan a biya kowane mai saye dala 30.

11/ 2016 shekarar talaka ce. RX 480 mai GB 4 dala 199, mai GB 8 dala 239, GTX 1060 mai GB 6 dala 249. Wannan 1060 ɗin ya shafe shekaru yana kan gaba a ƙididdigar Steam ta katunan da 'yan gem ke amfani da su, sai a ƙarshen 2022 aka sauke shi.

12/ A nan ni ma na sha tawa. Na je wani shago na ce ina son 1060 na hannu, aka miƙo, na ga araha na biya da rawar jiki. Ashe mai GB 3 ne. Kuma ba memori kaɗai aka rage ba: mai GB 6 yana da ƙwayoyin sarrafawa 1280, nawa 1152. Suna ɗaya, kati biyu. Wallahi raina ya ɓaci, amma laifina ne, ban tambaya ba.

13/ Sai masu haƙar kirifto suka shigo, a 2017, suka kuma dawowa da ƙarfi a 2020. RTX 3080 ya fito a Satumbar 2020 a dala 699, farashi mai kyau a takarda. A kasuwa kuwa ko dai babu, ko kuma ninki biyu. Korona ta tsayar da kaya, masu haƙar Ethereum suna kwashe ɗan abin da ya iso.

14/ A 15 ga Satumbar 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa. Katunan da suka yi shekaru a kunne dare da rana suka cika kasuwar kayan hannu ta duniya, mu ma da ke saye na hannu suka iso mu. Ba duka ne matattu ba, amma a duba fanka da zafi. A kuma kula da RX 580 2048SP: a gaskiya RX 570 ne aka sauya wa riga.

15/ Kun tuna GeForce4 MX? A 2022 Nvidia ta sanar da RTX 4080 iri biyu, mai GB 16 da mai GB 12 a dala 899, alhali injinsu ba ɗaya ba ne. Jama'a suka yi ca. Aka janye ƙaramin, ya dawo a Janairun 2023 da sunan 4070 Ti, a dala 799. Surutu ya rage dala 100.

16/ Memori ma yana tsufar da kati. A 2020 RTX 3070 mai GB 8 dala 499 ne, RX 6800 mai GB 16 dala 579. Da Hogwarts Legacy da The Last of Us suka fito a kwamfuta a 2023, masu GB 8 ne suka fara kuka idan suka ɗaga ingancin hoto. Dala 80 ɗin nan ta sayi shekaru.

17/ Akwai lissafin da mai sharhi a Turai ba ya damuwa da shi, mu kuwa dole: wuta. GTX 1060 wat 120 yake ja, RTX 4060 wat 115, RX 580 wat 185, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450. Idan da sola ko janareto kake gem, kowane wat kuɗi ne, kullum.

18/ Ga kuma dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuskuren dala 50 ya zama kuskure mai ciwo. Shi ya sa na ce wa ƙanina ya raba farashi da firem. Misali kawai: kati na dubu 600 mai firem 100, kowane firem naira 6,000. Na dubu 300 mai firem 70, kusan naira 4,300.

19/ Kuma in allonka firem 60 kaɗai yake iya nunawa, yawancin ƙarin da ka biya ba za ka gan shi da ido ba. Gara ragowar kuɗin ya tafi wajen memori, ko akwatin wuta mai nagarta.

20/ Da na gama, yaron ya ce, "To Yaya, yanzu wanne zan saya?" Na ce turo mini abu huɗu: gem ukun da ka fi bugawa, irin allonka, ƙarfin akwatin wutarka, da cikakken sunan katin har da GB nawa ne. Kuma kada ka biya sai an kunna gem a gabanka na minti 20.

21/ Ku fa, wane kati ne ya fi yi muku rana, wanne ne kuma ya ci muku kuɗi a banza? Ku faɗa a ƙasa, wataƙila ku ceci tarin wani.