Aska da Allura: Tarihin Ɗinkin Miki Daga Zabirar Wanzami Zuwa Ɗakin Tiyata

Tun kafin zuwan Turawa, aikin fiɗa a ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, yana hannun wanzamai ne, ƙarƙashin shugabancin Sarkin Aska. Su ke yin kaciya da ƙaho da tsaga da cire beli. Idan maruru ya nuna, sai a yi masa sakiya, wato a huda shi da ƙarfe mai zafi, mugunya ta fita. Mikin kaciya kuwa akan barbaɗa masa garin bagaruwa don ya tsotse. Abin lura shi ne, a duk waɗannan ayyuka ba a haɗa bakin miki da zare. Barinsa ake yi a buɗe, nama ya ciko daga ƙasa har ya rufe da kansa.

Shi ɗinki tsohon ilmi ne a wasu sassan duniya. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana ɗinki da zaren hanjin dabba a littafinsa al-Tasrif. Sai dai miki ɗinkakke ya sha ruɓewa, har zuwa 1867 da Joseph Lister ya nuna amfanin kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa. Wannan sabon tsari ya fara kafuwa a ƙasar Daura a zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa allura ta kori tsohuwar dabara har abada.

Akwai wata cuta da tarihinta ya nuna ba haka abin yake ba. Wani ƙurji ne mai rami da ke fitowa a kwarin da ke tsakanin ɗuwawu, galibi ga samari masu yawan gashi da yawan zama. Karyayyen gashi ne ke nutsewa cikin fata, wurin ya kumbura, ya riƙa zubar da mugunya. Herbert Mayo ya bayyana cutar a 1833, sannan a 1880 Richard Hodges ya raɗa mata sunan Latin mai ma'anar sheƙar gashi. A Yaƙin Duniya na Biyu ta kwantar da dubban sojojin Amurka, har a 1944 aka yi mata laƙabi da ciwon motar jif. Daɗin daɗawa, irin wannan rami yakan fito a tsakanin yatsun masu aski, saboda guntayen gashin da suke taɓawa kullum. Ashe banda jarfa, akwai wani abin da wanzami ba ya so.

Likitoci sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a yi da mikin bayan an yanke ramin. Idan an ɗinke shi a tsakiyar kwarin, yakan yi saurin haɗewa, amma gumi da gugar zama da sabon gashi sukan farke ɗinkin, cutar ta dawo. Idan an bar shi a buɗe ana wanki, irin na wanzamai, sai ya ɗauki makonni da yawa, amma dawowar cutar ta fi ƙaranci. A 1973 George Karydakis, likitan sojan ƙasar Girka, ya kawo mafita: a yi yankan a karkace, a jawo fata, ɗinkin ya kwanta a gefe, kwarin ya rage zurfi. John Bascom na Amurka ya ƙara kyautata dabarar a shekarun 1980. A yau, in za a ɗinke, ɗinkin gefe ne likitoci suka fi aminta da shi.

Darasin wannan tarihi shi ne, warkewar miki ba ta rataya ga zare kaɗai ba. Ta rataya ne ga tsabta, da mafitar mugunya, da wurin da aka sa ɗinkin. Wanzami ya riƙe gaskiya guda, wato ba a rufe miki a kan mugunya. Amma sakiya tana sauke kumburi ne kawai, ba ta fitar da gashin da ke maƙale a ramin. Saboda haka saurayin da kunya ta hana shi zuwa asibiti da irin wannan ƙurji, shekarun jinya yake saya wa kansa.