Bindigar iska mai sifirin: dalilan da ke sa ta ɓata saiti da yadda ake gano su

Bindigar iska mai sifirin ba ta amfani da albarushi. Idan aka karya bututunta ko aka ja hannun ɗana ta, wani kakkauran sifirin ne ke matsewa a ciki. Da zarar an taɓa kunama sai ya saki, ya tura fistan, fistan ya matse iska, iskar ta fitar da ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Ana amfani da ita a wasan harbi da kuma kashe ɓeraye a gonaki da rumbuna, inda kuskuren saiti ke nufin raunata dabba ko jefa harsashi inda ba a nufa ba.

Tushen matsalar shi ne bindigar tana motsi tun harsashi bai bar bututu ba. Takan zabura baya yayin da fistan ya tashi, sannan ta zabura gaba idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. Don haka riƙo shi ne abin da ake fara bincika. Wanda ya damƙe ta tamau, ko ya ɗora ta kan katako ko dutse, zai ga harbinsa ya warwatse. Marubucin nan na Amurka, Tom Gaylord, ya yi fice wajen yaɗa dabarar ɗora ta bisa buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri guda kowane lokaci, a bar ta ta yi motsinta. Wannan girgiza ce ta sa kamfanonin Jamus irin su Feinwerkbau da Diana suka ƙera bindigogin gasa masu kashe zaburar.

Na biyu shi ne notunan da ke haɗa ƙarfe da katako. Girgiza na kwance su sannu a hankali, kuma noti guda da ya yi sako-sako ya isa ya ɓata komai. Haka ma madubin saiti: yakan zame baya idan babu ƙusar da ke tokare shi, kuma wanda ba a ƙera don irin wannan bindiga ba yakan lalace daga ciki. Cire shi a gwada da saitin ƙarfe na asali yana nuna ko laifin nasa ne.

Na uku harsashi. Kowace bindiga da irin wanda take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Wanda gindinsa ya lanƙwashe ba ya tafiya daidai. Mara nauyi kuma yakan kusanci gudun sauti, kimanin mita 343 a daƙiƙa, inda yake fara tangal-tangal a iska. Yawan gudu ba shi ne kyawun saiti ba.

Na huɗu robar da ke toshe iska a gindin bututu da ta kan fistan. Idan ta tsage, ƙarfin harbi ba ya zama ɗaya, sai harsasai su jeru sama da ƙasa. Harba bindigar ba harsashi yana lalata ta. Zuba mai a ɗakin matsin iska ma ɓarna ne, domin zafi na kunna shi kamar a injin dizal. Alamarsa ƙara mai ƙarfi da hayaƙi. Sabuwar bindiga takan yi haka har sai ta ƙone man masana'anta bayan ɗaruruwan harbi.

Ƙa'idar bincike ita ce a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. A yi harbi biyar ko goma a takarda daga mita 10, ranar da babu iska, tare da kauri mai tsare harsashi a baya. Idan ramukan sun taru wuri ɗaya nesa da tsakiya, gyaran saiti kawai ake bukata. Idan sun warwatse, sai a bi dalilan nan ɗaya bayan ɗaya. Buɗe cikin bindigar aikin gwani ne, domin sifirin yana matse ko ba a ɗana ba.

Doka ma ta shigo ciki. Ingila ta kayyade kimanin jul 16 ga wadda ba ta bukatar lasisi, Jamus kuma jul 7.5. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka.