Iyaka a Buɗe, Fasfo a Aljihu: Nazarin Sharuɗɗan Shigar Ɗan Denmak Ƙasar Jamus

Tsakure

Wannan maƙala ta duba takardun da doka ke nema a hannun ɗan ƙasar Denmak idan zai kai ziyara wata ƙasar Turai. An ɗauki Jamus a matsayin babban misali, aka leƙa Suwidin da Birtaniya don kwatance. Binciken ya gano cewa ɗan Denmak ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara a ko ɗaya daga cikin ƙasashen uku, amma fasfo ya zame masa dole idan Jamus ya nufa, alhali Bajamushen da zai shigo Denmak katin shaidar ɗan ƙasa ya ishe shi. Tushen wannan bambanci yana cikin gida Denmak, wadda ba ta ba 'yan ƙasarta katin da ake ƙetare iyaka da shi.

Gabatarwa

Iyakar tudu da ta raba Denmak da Jamus kilomita 68 ce kawai, kuma tun 1920 aka shata ta bayan ƙuri'ar raba-gardama a yankin Schleswig. Kullum jama'a na tsallaka ta, wasu ta Kruså, wasu ta Padborg, wasu ta babbar hanyar Frøslev, ban da masu hawa jirgin ruwa daga Rødby zuwa Puttgarden. Akwai masu zuwa aiki da masu ziyarar dangi, akwai kuma masu zuwa sayayya a kantunan da ke gefen Flensburg. Idan aka tambayi wace takarda ce doka ta ce su riƙe, amsar da aka saba ji ita ce babu, tunda ƙasashen biyu suna cikin yankin Shengen. Da wannan amsa maƙalar nan take jayayya.

Dokoki uku ne suka hau kan juna a wannan batu. Akwai yarjejeniyar ƙasashen Arewacin Turai ta 1952 da 1954, wadda ta ɗauke wa 'yan ƙasashen wajabcin riƙe fasfo a tsakaninsu, sai ta 1957 da ta soke bincike a iyakokinsu daga 1958. Akwai 'yancin zirga-zirga na Tarayyar Turai, wadda Denmak ta shiga a 1973. Sannan akwai Shengen, da ta fara aiki a Denmak ranar 25 ga Maris 2001. Kowacce da abin da ta soke, kuma cakuɗa su shi ke jawo ruɗani.

Bitar ayyukan da suka gabata

Torpey (2000) ya nuna yadda gwamnatocin zamani suka mayar da ikon ba da izinin tafiya nasu su kaɗai, ta hanyar fasfo da takardun shaida. Babu abin da za a ƙara a kan wannan, kuma a kansa aka ɗora wannan nazari.

Inda ake da ja shi ne da masu auna 'yancin tafiya da biza kaɗai. Mau da abokan aikinsa (2015) sun kwatanta tsarin yafe biza na 1969 da na 2010, suka nuna 'yan ƙasashe masu arziki sun ƙara samun buɗi, 'yan Afirka kuwa sun tsaya cik ko sun ja baya. Sakamakon nasu yana da ƙarfi, sai dai ma'auninsu tambaya ɗaya yake yi: ana neman biza ko ba a nema. Jerin ƙarfin fasfo da kamfanin Henley ke fitarwa, wanda jaridu ke ɗauka duk shekara suna yayatawa, ya fi nisa a wannan hanya. Yana ba da maki ɗaya ga ƙasar da ake shiga ba biza, maki ɗaya ga wadda ake karɓar biza a filin jirgi, maki ɗaya kuma ga wadda sai an nemi izini ta intanet kafin a taso. Da wannan lissafi Denmak kullum tana sahun gaba, kuma Suwidin da Jamus da Birtaniya duk ɗaya suke a wurin ɗan Denmak. A aikace kuwa abubuwa uku ne mabambanta ake nema a hannunsa. Lissafin ya riga ya ɗauka cewa fasfon yana hannu, don haka ba zai taɓa ganin tambayar ko ana buƙatar fasfon ba. Ga mai zaune kusa da iyaka, wanda tafiyarsa ba ta wuce ta rabin yini, wannan tambayar ita ce ta fi damunsa.

Dabarun bincike

An bi rubutattun dokoki ne: Umarnin Tarayyar Turai mai lamba 2004/38, dokar iyakokin Shengen, dokar Jamus kan zirga-zirgar 'yan Tarayya, da hukunce-hukuncen Kotun Tarayyar Turai. A kowace an nemi abin da ta wajabta wa matafiyi da abin da ta haramta wa jami'i, sannan aka gwada su da takardun da Denmak ke bayarwa.

Sakamakon bincike

Batun biza ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 5 na Umarnin 2004/38 ya hana kowace ƙasar Tarayya neman biza daga ɗan wata ƙasar Tarayya. Sashe na 6 ya ba shi damar zama har wata uku ba wani sharaɗi, in dai yana da fasfo ko katin shaidar ɗan ƙasa mai aiki. Bayan wata uku ne ake fara tambayar aiki ko karatu ko abin dogaro da inshorar lafiya.

Wannan sharaɗi na “fasfo ko kati” shi ne ƙashin bayan maƙalar. Shengen ta cire jami'in da ke tsaye a iyaka yana duba kowa. Wajabcin riƙe takarda kuwa ba ta taɓa shi ba, kuma dokar iyakokin ta fito fili ta bar wa kowace ƙasa ikon tilasta hakan. Jamus ta yi amfani da wannan iko: sashe na 8 na dokarta ya ce ɗan Tarayya ya riƙe fasfo ko abin da aka amince ya tsaya a madadinsa lokacin shiga da lokacin fita.

Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da wannan fahimta sau biyu. A 1993 Florus Wijsenbeek, ɗan majalisar Turai daga Holan, ya ƙi nuna fasfonsa a filin jirgin Rotterdam, yana cewa yarjejeniyar Tarayya ta riga ta ba shi 'yancin wucewa. A 1999 kotu ta ce ƙasa na da ikon neman ya tabbatar da ko shi wane ne. Mai musu zai ce wannan tsohon zance ne, daga lokacin da Shengen ba ta kankama ba. To ga na 2021. Wani ɗan Finlan ya je Istoniya ya dawo a jirgin ruwan shaƙatawa a watan Agustan 2015, ƙasashen biyu duk cikin Shengen. Da aka tare shi a Helsinki ba shi da fasfo a jikinsa, sai lasin tuƙi, kuma da lasin aka gane shi. Duk da haka aka gurfanar da shi, kuma da yake Finlan tana yanka tara gwargwadon samun mutum, lissafin ya kai yuro 95,250. Kotu ta ce tarar ta wuce kima, amma ta amince ƙasa tana iya wajabta riƙe fasfo ko kati, ta kuma hukunta wanda ya saɓa. Lasin tuƙi bai fid da shi ba.

Nan ne Denmak ta fita daban. Bajamushe yana da katinsa, haka Bafaranshe da ɗan Italiya. Ayalan ba ta da katin ɗan ƙasa, amma tun 2015 take ba da fasfo mai siffar kati. Ɗan Denmak idan ya buɗe walat ɗinsa zai ga katin lafiya ruwan ɗorawa mai ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa amma babu hoto, zai ga lasin tuƙi, wataƙila da katin shaida da ƙaramar hukuma ke ba wanda ya nema. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya cika sharaɗin sashe na 5 na Umarnin. Dokar Tarayya ta 2019 da ta ƙarfafa tsaron katunan shaida ma ba ta tilasta wa ƙasar da ba ta da kati ta ƙirƙiro shi ba. Saboda haka zaɓi biyun da Umarnin ya bayar ya koma ɗaya a hannun ɗan Denmak. Kuma kowa sai da nasa fasfo, har jariri: na manya shekara 10 yake yi, na yara shekara 5, na wanda bai kai shekara biyu ba kuwa shekara 2 kacal.

Za a iya cewa doka ce da ba a aiki da ita, tunda ba mai tsayar da kowa. Wannan hujja ta yi rauni tun 2016. Ranar 4 ga Janairun shekarar Denmak ta maido da bincike na wucin gadi a iyakarta da Jamus, kuma ta yi ta sabunta shi shekara da shekaru, duk da hukuncin kotu na 2022 kan Ostiriya da ya ce ba a tsawaita irin wannan bincike sai da sabuwar barazana. Ita ma Jamus ta kafa nata a dukan iyakokinta na tudu daga 16 ga Satumban 2024, har da ta Denmak. Gaskiya ne sashe na 5 ya ce kafin a mayar da ɗan Tarayya baya sai an ba shi damar kawo takardarsa ko ya tabbatar da kansa ta wata hanya. Amma wannan sassauci kan hana shiga ne, bai hana a ci shi tara ba.

Suwidin ta nuna ɗaya gefen. Ta fara bincike a watan Nuwamban 2015, sannan daga Janairun 2016 zuwa Mayun 2017 ta sa kamfanonin sufuri su duba shaidar kowane fasinja kafin ya hau, har aka kafa shinge a tashar jirgin ƙasa ta Kastrup ga masu tsallaka gadar Øresund zuwa Malmö. Duk tsananin nan lasin tuƙi ya wadatar da ɗan Denmak, domin yarjejeniyar 1954 tana nan daram. Tsohuwar yarjejeniyar maƙwabta ta fi Shengen sauƙaƙa masa.

Birtaniya kuma ta daina karɓar katin shaidar yawancin 'yan Tarayya daga 1 ga Oktoban 2021. Wannan ya taɓa Jamusawa da Faransawa, ɗan Denmak kuwa dama fasfo yake riƙewa. Abin da ya shafe shi shi ne izinin ETA, da ya wajaba daga 2 ga Afrilun 2025: ana nema ta intanet, ana biya (kuɗin ya koma fam 16 ranar 9 ga wannan watan na 2025), yana aiki shekara biyu ko zuwa ƙarewar fasfo, kuma ana iya hana mutum.

Iyakokin bincike

Nazarin ya tsaya a kan rubutacciyar doka, bai haɗa da hira da jami'ai ko matafiya ba, kuma jami'in da ke bakin hanya yana iya ɗaga hannu ya ce a wuce. Hakan bai canza abin da doka ta ce ba. An kuma ajiye tsibiran Faro da Girinlan gefe, domin ba sa cikin Tarayya, haka baƙin da ke zaune a Denmak da fasfon wata ƙasa.

Shawara

Masu tsara ma'aunin 'yancin tafiya su ƙara tambaya ta biyu a gefen ta biza, wato wace takarda ce mafi ƙaranci da za ta wuce da mutum, kuma ko gwamnatinsa tana bayar da ita. Game da Denmak, gyaran ba ya buƙatar amincewar Jamus ko ta Tarayya, domin Umarnin 2004/38 ya riga ya tilasta musu karɓar kati idan an yi shi. Majalisar dokokin Denmak ce kaɗai ke da alhakin yin sa.