Kaset Ɗaya, Faifai Ɗaya: Nazari Kan Asarar Hoto Wajen Juya Bidiyon VHS Zuwa DVD da Rikoda Mai Had-dis

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin abin da ke samun hoto idan aka juya kaset ɗin VHS zuwa faifan DVD ta hanyar rikoda mai had-dis, na'urar da masu ɗaukar bidiyon biki da masu juya kaset suka daɗe suna aiki da ita. Binciken ya gano cewa asarar da ta fi muni tana aukuwa ne a daidai lokacin da mai juyawa ya zaɓi yawan sa'o'in da zai cusa a faifai guda, kuma tsawon kaset ɗin da aka saba amfani da shi ne ke tura shi ga mummunan zaɓi. Saboda haka faifan da aka juya bai cancanci a ɗauke shi magajin kaset ba.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin JVC na Japan ya fito da VHS a 1976, kuma a kan wannan kaset aka gina fim ɗin Hausa tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A kansa aka ɗauki bukukuwa, da naɗin sarauta, da hawan salla, da tafsirin azumi, da wasannin mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999. Masu hali sukan naɗi wasan Samanja daga talabijin su ajiye. A Yulin 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna VHS, ya daina. Daga ranar duk kan bidiyon da ya cinye sai dai a ciro wani daga matacciyar na'ura.

Rikodar DVD ta zo a tsakani. Pioneer ya fitar da ta farko ta amfanin gida a ƙarshen 1999, Toshiba kuma ya haɗa had-dis da DVD a na'ura guda a 2001. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don mai kallon talabijin a Japan da Turai: ya naɗi shiri a had-dis, ya kalla idan ya dawo daga aiki, ya yanke tallace-tallace, ya tura abin da yake so kan faifai. A wajenmu an ɗora mata aikin da ya fi wannan nauyi, wato ceto abin da ke kan kaset. Tambayar wannan bincike ita ce: nawa take cetowa, nawa take zubarwa?

2.0 Waiwaye

Nazarin bidiyon Hausa ya fi karkata ga abin da ke cikin fim. Ayyukan Abdalla Uba Adamu, misali, sun yi zurfi kan tasirin finafinan Indiya da takaddamar waƙa da rawa, kuma babu abin da wannan maƙala za ta ƙara a can.

Wanda ya fi kusa da batun shi ne Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise (2008). Ya yi aikinsa a Kano, ya nuna yadda hanyoyin kwafar kaset na kasuwar Ƙofar Wambai suka zama gadar da fim ɗin Hausa ya haye ya isa ga jama'a, da yadda kwafa daga kwafi ta sa dusasshen hoto da shaƙaƙƙen sauti suka zama abin da mai kallo ya saba da shi. Bayaninsa kan zamanin kaset daidai ne. Saɓanina yana wurare biyu. Na farko, mutane da yawa, har da masu nazari, suna ɗaukar wannan lalacewa a matsayin cutar kaset kaɗai, wadda ta ƙare da zuwan dijital, tunda a ganinsu lamba ba ta dusashewa. Gaskiya ne kwafar fayil daga fayil ba ta rage komai, amma shigar da hoto cikin fayil karon farko tana ragewa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Na biyu, kallon dusasshen hoto a matsayin wani salo na kallo yana da amfani ga mai nazarin al'ada, sai dai ga mai tarihi asarar shaida ce tsagwaronta. Wanda yake son sanin irin ɗinkin da hakimai suka sa a wani hawan daushe, ko su wane ne ke zaune bayan makaɗi, fuska da zare yake nema a hoton.

Masu adana kayan tarihi sun yi magana a sarari. Hukumar adana finafinai da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a juya shi kafin 2025 ba yana iya salwanta, ƙungiyar IASA ta masu adana sauti da bidiyo kuma ta fitar da ƙa'idojin adana bidiyo a 2018. Amma da cibiyoyi masu kayan aiki suke magana. Mai shagon da ke juya kaset ɗin bikin mutane ba ya cikin lissafinsu, alhali ta hannunsa bidiyon gidajenmu ke bi.

3.0 Hanyar Bincike

An juya kaset-kaset na biki da na hawa, waɗanda aka ɗauka da tsarin PAL, zuwa had-dis a kowane mataki da rikoda ke bayarwa, aka tura su faifai, sannan aka kwatanta hotunan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. An kuma lura da yadda masu juya kaset ke aiki a shagunansu. Alƙaluman da ke ƙasa lissafi ne daga girman faifai, kowa na iya maimaita shi.

4.0 Sakamako

4.1 Sa'a uku a mazubin sa'a biyu

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, wato kimanin megabit 37,600. Wannan adadi ba ya ƙaruwa. Abin da rikoda ke yi shi ne raba shi bisa tsawon lokacin da aka zaɓa. A matakin XP, sa'a ɗaya, kowace daƙiƙa tana samun kusan megabit 10. A SP, sa'a biyu, kimanin 5.2. A LP, sa'a huɗu, 2.6. A EP kuwa, 1.7 idan sa'a shida ce, 1.3 idan takwas ce. Daga cikin wannan rabo ne kuma sauti zai ci nasa.

Kaset ɗin da ya fi yawa a hannun mutane shi ne E-180, mai minti 180. Mai ɗaukar biki kan cika shi taf, daga kamu zuwa budar kai, domin kuɗinsa ya saya. To sa'a uku ba ta shiga SP. Ciniki kuma a bakin shago ɗaya ne: kaset ɗaya, faifai ɗaya. Mai kaset ba ya son biyan kuɗin faifai biyu, mai shago ba ya son zaman gadin na'ura, don haka sai a danna LP a tafi wata hidima. Sakamakon shi ne an rage rabon kowace daƙiƙa da rabi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na faifan ya tashi fanko. Idan iyali suka kawo kaset biyu suka ce a haɗe musu, an faɗa EP ke nan.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa VHS dama hotonsa bai wuce layi 240 a kwance ba, don haka ko rikoda ta rage faɗin hoto daga ɗigo 720 zuwa 352, kamar yadda na'urori da yawa ke yi a LP, babu abin kirki da aka rasa. Ta fuskar faɗi kaɗai, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kuskurenta shi ne ta manta yadda MPEG-2, tsarin da DVD ke aiki da shi, ke matse hoto. Tsarin yana adana cikakken hoto ne kusan sau ɗaya a kowace rabin daƙiƙa. Hotunan da ke tsakani, bambancinsu da na kusa da su kawai yake rubutawa, bayan ya yanka su ƙananan murabba'ai. Idan hoto tsaf yake, kamar mai karanta labarai a gaban bango, bambancin kaɗan ne, rabon ya wadatar. Hoton kaset kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Akwai ɗige-ɗigen da ke yawo a ko'ina, akwai ɗan karkarwar layuka, akwai zirin da ke yagewa a can ƙasan allo inda kawunan bidiyo ke karɓeɓeniya. Rikoda ba ta san waɗannan datti ba ne. Tana ɗaukarsu motsi, ta kashe musu rabon da ya kamata ya tafi ga fuska da tufafi. Ke nan tsohon kaset ya fi shirin talabijin mai tsabta buƙatar megabit, akasin abin da ake zato.

An ga wannan ƙarara a wurin kamun amarya. A kaset, da kuma kwafin XP, lokacin da mai kyamara ya matso kan hannun amarya ana iya bin zanen lalle daga wuyan hannu zuwa yatsu, duk da ɗige-ɗigen. A kwafin LP, muddin hannun yana ajiye zanen yana nan. Da ta ɗaga shi ta gyara mayafi, sai zanen ya narke ya zama baƙin tabo, ya dawo bayan hannun ya tsaya. Da mata suka shiga fili aka fara liƙi, atamfofin anko suka farfashe gida-gida, fuskokin na baya suka shafe. A bidiyon hawa abin ya fi haka muni, domin ƙura, da gudun dawaki, da kyamarar da ke bin su a hannu duk motsi ne a lokaci guda. Aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, wanda a kaset ake gane shi, a LP ya koma wani farin fili mai rawa. Wato na'urar tana riƙe hoto a inda babu abin da ke faruwa, tana sakinsa a daidai wurin da aka ɗauki bidiyon dominsa.

EP yana ƙara wata ɓarnar. Hoton PAL rabi-rabi yake zuwa, sau 50 a daƙiƙa, kuma VHS yana adana duka. A matakai mafi tsawo na'urori da yawa suna saukar da hoto zuwa 352 da 288, girman VCD, wanda ke nufin an jefar da rabi ɗaya daga kowane biyu. Rabin motsin ya tafi, shi ya sa rawa ke fitowa tana tsalle-tsalle.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin na'urar. Amfanin had-dis ke nan: a naɗi kaset gaba ɗayansa a XP ko SP, a raba shi a inda taro ya canza, a tura kowane kashi faifansa da kwafa mai sauri, wadda ke ɗaukar bayanan yadda suke ba tare da sake matsewa ba. Wasu na'urorin ma suna da matakin da ke auna rabo daidai da tsawon abin da za a naɗa, yadda sa'a uku za ta samu kimanin megabit 3.5 maimakon 2.6. Wani abin da kuma aka gani a shaguna shi ne a naɗa a SP, sannan a umarci na'ura ta matse shi ya shiga faifai guda. Wannan matsa biyu ce, ta biyun tana tauna kurakuran ta farko, kuma ta fi naɗar LP kai tsaye lalata hoto.

4.2 Had-dis da faifai a matsayin ma'ajiya

Had-dis ɗin rikoda masussuka ce, wurin da ake gyara amfanin gona kafin a kai rumbu, kuma ba a barin hatsi ya kwana biyu a can. Yawancin kamfanoni suna tsara shi da tsarin fayil nasu na kansu, wanda kwamfuta ba ta karantawa kai tsaye. Idan wuta ta ƙona allon na'urar, bidiyon yana ciki amma fito da shi sai ƙwararre. Faifan DVD-R kuma rubutunsa a kan wani siririn rini yake, tsakanin robobi biyu masu kaurin milimita 0.6 kowanne, kuma zafi da hasken rana da laima suna cin rinin. Ga batun rufe faifai: idan ba a rufe shi a na'urar ba, wata na'urar ba za ta kunna shi ba, idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar rufewa, yana iya tashi aiki. Kaset idan ya lalace a wuri guda, a yanke a liƙa, sauran ya yi. Faifai idan teburin bayanansa ya taɓu, sa'o'in duka na iya ɓacewa tare.

Darasin Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976, ya shafi batun riƙe kaset kai tsaye. An sake gano asalin fim ɗin a 2016, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Gyaran ya yiwu ne domin asalin yana nan. Iyalin da suka karɓi faifai suka zubar da kaset sun rufe wa kansu wannan ƙofa, tunda yau ana iya juya kaset zuwa kwamfuta da tsarin FFV1 wanda ba ya zubar da komai, amma babu manhajar da za ta dawo da zanen lallen da LP ya shafe. Shawarar wannan bincike ita ce a riƙe kaset a tsaye, a wuri mai sanyi da bushewa, a kwafe fayilolin faifan da ke hannu zuwa wurare biyu, kuma duk sabon juyi da rikoda kada ya wuce SP.

5.0 Iyakokin Bincike

Za a ce an yi kwatancen da ido ne, ba da ma'aunin lissafi ba, kuma na'urorin da aka gwada ba su wakilci duk abin da aka ƙera ba. Haka ne. Wasu samfuran da suka zo daga baya suna riƙe cikakken faɗin hoto a LP, wasu suna da matatar da ke rage ɗige-ɗige da karkarwa kafin matsewa, kuma waɗannan za su fi kyau. Sai dai babu wadda ta ƙara wa faifai mai shimfiɗa ɗaya girma, don haka rabon 2.6 yana nan yadda yake. Binciken bai taɓa sauti ba, bai kuma haɗa da kaset-kaset na Maraɗi da Damagaram ba. Nijar ta yi amfani da tsarin SECAM, kuma abin da aka naɗa daga talabijin a can yakan fito babu launi a na'urar da PAL kaɗai ta sani, don haka juya su yana buƙatar kayan aiki dabam da gwaji nasa na kansa.