Jitar Hamada: Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Grammy

Matasa da yawa masu sha'awar kaɗa jita suna jiran ranar da za su tara kuɗin sayen mai tsada kafin su fara koyo. Tarihin jitar Abzinawa ya nuna cewa manyan gwanayenta ba su yi wannan jira ba.

Ibrahim Ag Alhabib yana ƙaramin yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a lokacin tawayen 1963. A gudun hijira ya girma, a Aljeriya. Da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 1979 ya kafa ƙungiyar da daga baya aka sani da Tinariwen a garin Tamanrasset. Waƙoƙinsu sun yaɗu a hamada ta kaset, hannu zuwa hannu, kuma a 2012 suka ci kyautar Grammy da faifan Tassili.

Omara Moctar, wanda ake kira Bombino, an haife shi a 1980 kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya kori iyalinsu zuwa Aljeriya. Ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, yana lura da inda suke ɗora yatsu, sannan ya koma ya gwada. Ko da yake kiwo a Libiya, jitar tana tare da shi.

Shi kuwa Mdou Moctar, gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka da katako da wayar keke ya ƙera tasa. Bahago ne, kuma da hagun ya ƙware. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu ta katin waya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna.

To, me mai koyo zai ɗauka daga nan? Ya fara da abin da ke hannunsa, ko na aro ne. Kafin ya taɓa komai, ya daidaita tsirkiyoyi shida, domin jitar da ba a daidaita ba tana lalata kunne, kunne kuwa shi ne malamin farko. Ya zaɓi waƙa guda da yake so, ya saurare ta sau da yawa, ya bi ta a hankali har yatsu su saba, kafin ya ƙara sauri. Salon Abzinawa ma yana taimaka wa sabon shiga: babban yatsa yana maimaita sauti ɗaya a kan tsirkiya mai kauri, sauran yatsu suna fitar da karin waƙa, kamar yadda makaɗan molo ke yi.

Makonnin farko kan yatsu za su yi zafi, a nan ne mutane da yawa suke ajiye jitar. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Idan aka daure, kanta za ta fito, zafin ya tafi. Wayar birkin keke ta fi tsirkiyar shago cin yatsa, amma yaran hamada ba su fasa kaɗawa ba.