Harajin Kowa, Ginin Wasu: Koken Mazauna Unguwannin Talakawa kan Tsarin TIF a Birnin Shikago

Tsakure

Wannan maƙala ta duba koke-koken da mazauna unguwannin talakawa na birnin Shikago, a ƙasar Amurka, suke yi kan tsarin sake gina unguwanni da kuɗin haraji, wanda aka fi sani da TIF. An bibiyi dokar jihar Illinois da ta kafa tsarin, da binciken masana tattalin arzikin birane, da abin da ya faru a Englewood da Pilsen da yankin Lincoln Yards. Nazarin ya nuna cewa kuɗin tsarin yana taruwa ne inda darajar fili take hawa da kanta. Saboda haka unguwar da ta fi buƙata ita ke samun kaɗan, wadda ta samu da yawa kuwa sai zama ya gagari tsofaffin mazaunanta.

Gabatarwa

A jihar Kalifoniya aka fara amfani da TIF a 1952. Jihar Illinois ta yi tata dokar a 1977, birnin Shikago kuma ya keɓe yankinsa na farko a tsakiyar gari a 1984, zamanin magajin gari Harold Washington. A mulkin Richard M. Daley, daga 1989 zuwa 2011, yankunan suka yawaita har suka haura 150. A 'yan shekarun nan abin da asusun TIF na birnin yake tarawa ya wuce dala biliyan 1 a shekara.

Da sunan unguwannin da suka lalace aka kafa tsarin, amma daga cikin irin waɗannan unguwanni ake jin kuka mafi ƙarfi a kansa. Jami'an birni sukan ɗauki kukan a matsayin rashin fahimtar lissafin haraji, ko tsohon tabon rushe-rushen da aka yi wa unguwannin baƙar fata bayan dokar gidaje ta 1949. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan aka auna koken da ma'aunin doka da na bincike, nawa ne daga cikinsa zai tsaya? Hanyar da aka bi ita ce nazarin takardu, wato dokar, da rahotannin hukumomin gundumar Cook, wadda Shikago take ciki, da binciken da aka riga aka wallafa.

Yadda tsarin yake aiki

Idan majalisar birni ta shata wani yanki, sai a ƙiyasta darajar dukan gidaje da filayen da ke ciki a wannan shekara, a tsayar da ita a nan. Har tsawon shekara 23, hukumar makarantu da ta wuraren shaƙatawa da gunduma da sauran masu kaso a harajin kadara za su riƙa karɓa ne bisa wannan tsohuwar daraja kawai. Duk harajin da ya fito daga ƙarin darajar da aka samu bayan haka, asusu na musamman yake shiga, a kashe shi kan hanyoyi, da sayen fili, da tallafa wa masu gine-gine a yankin. Majalisar dokokin jiha tana iya ƙara shekara 12. Misali, a ce yanki yana biyan harajin dala miliyan 5 lokacin da aka shata shi, bayan shekara goma ya kai miliyan 12: hukumomi na nan kan miliyan 5, miliyan 7 kuma na asusun.

Doka ta gindaya sharaɗi biyu. Na farko, yankin ya zama ya lalace, wato a same shi da alamomi 5 daga cikin 13 da aka lissafa, kamar ruɓewar gini, da yawan kangaye, da rashin ci gaban daraja. Ko kuma yana kan hanyar lalacewa, inda alamomi 3 sun isa muddin rabin gine-ginen sun kai shekara 35. A tsohon birni irin Shikago, da wuya a sami unguwar da za ta kasa cika wannan. Shi ya sa a 2006 aka shata titin LaSalle, cibiyar bankunan birnin, a matsayin yankin TIF. Sharaɗi na biyu shi ne na "ba don shi ba": a nuna cewa ba don tallafin ba, masu jari ba za su zo ba. A kan wannan sharaɗi gaskiyar tsarin duka ta rataya.

Kuɗin makaranta, da wanda yake biya

Koken da aka fi ji shi ne cewa TIF yana cinye kuɗin makarantu, ganin kusan rabin harajin kadara a Shikago na hukumar makarantu ne. Ya yi tsanani a 2013, lokacin da gwamnatin magajin gari Rahm Emanuel ta rufe makarantu kusan 50, mafi yawan ɗalibansu baƙar fata daga kudanci da yammacin birni, a daidai shekarar da aka ware dala miliyan 55 na TIF don aikin otal da filin wasa kusa da cibiyar taro ta McCormick Place. Iyaye sun haɗa lissafin biyu, kuma ba a iya ganin laifinsu.

Sai dai maganar tana buƙatar gyara, gyaran kuwa ƙara mata nauyi yake yi. A Illinois kowace hukuma tana bayyana adadin kuɗin da take nema ne, cikin iyakar da doka ta sa mata, sannan ofishin magatakardan gunduma ya raba adadin a kan darajar kadarorin da ke hannu. Tunda an killace ƙarin darajar da ke cikin yankunan TIF, abin da za a raba a kansa ya ragu, sai kason kowa ya hau. Ke nan ba lalle ne makaranta ta rasa dukan kuɗin ba. Masu gidaje a ko'ina cikin birni ne suke cike giɓin. Dattijuwar da ke da ɗan gidanta a Englewood tana cikin masu ɗaukar nauyin gadar da za a gina a arewacin birni, ba tare da an taɓa tambayarta ba. Idan aka haɗa wannan da abin da jaridar Chicago Tribune da Christopher Berry na Jami'ar Shikago suka bayyana a 2017, cewa ƙiyasin gundumar Cook yana ɗora wa ƙananan gidaje daraja fiye da kima yana sassauta wa manya, za a ga wanda nauyin ya fi danne wa.

Duk wannan ba asara ba ne in har tallafin ne ya haifar da ƙarin darajar. A nan bincike bai goyi bayan birnin sosai ba. Dye da Merriman (2000) sun nazarci ƙananan hukumomin kewayen Shikago, suka gano cewa waɗanda suka rungumi TIF darajar kadarorinsu ta fi tafiyar hawainiya a kan waɗanda ba su runguma ba, abin da ke nuna cewa jari yana ƙaura ne daga wannan titi zuwa wancan. Lester (2014) ya kwatanta sassan Shikago masu TIF da makamantansu marasa shi daga 1990 zuwa 2008, bai sami shaidar ƙaruwar ayyukan yi ko sababbin sana'o'i da za a jingina wa tsarin ba. Akwai binciken da ya ga tasiri: Weber da Bhatta da Merriman (2007) sun nuna gidajen da ke kusa da yankunan da suka haɗa kasuwanci da mazauni sun fi saurin tsada. Amma ga ɗan haya, wannan nasarar ita ce ainihin abin tsoron.

Englewood da Lincoln Yards

Englewood, a kudancin birni, tana cikin unguwannin da suka fi talauci. A mahaɗar titin 63 da Halsted birnin ya kashe sama da dala miliyan 10 na TIF wajen gyara fili, kantin Whole Foods ya buɗe a 2016 da biki da alƙawarin abinci mai kyau da aikin yi. A Nuwamban 2022 kantin ya rufe. Shekara shida ya yi.

A watan Afrilun 2019 kuma majalisar birni ta amince da TIF da zai iya kai dala biliyan 1.3 don aikin Lincoln Yards na kamfanin Sterling Bay, a tsohon filin masana'antu da ke bakin kogi tsakanin Lincoln Park da Bucktown, unguwanni biyu na masu hali. Daga baya Chicago Tribune ta ruwaito cewa da ƙyar yankin ya cika alamomin lalacewa, kuma da an jinkirta ƙuri'ar 'yan makonni har sabon ƙiyasi ya fito, da bai cika ba. Ƙungiyoyin Grassroots Collaborative da Raise Your Hand sun kai ƙara, suna cewa yankin zai ginu ko ba tallafi, kuma tsarin yana nuna wariya ga unguwannin baƙar fata da na 'yan asalin Latin Amurka. Kotu ta kori ƙarar a shekarar bisa cewa ba su da hurumin shigar da ita, ba ta shiga gundarin maganar ba. Adalci ne a ambata cewa yawancin kuɗin na biyan kamfani ne bayan ya gina hanyoyi da gadoji, kuma aikin ya tsaya cik, har banki ya karɓe sashen arewa na filin a 2025.

Ratar da ke tsakanin miliyan 10 da biliyan 1.3 ba ta buƙatar mugun nufin kowa kafin ta faru. Asusun kowane yanki daga hawan darajar yankin yake cika, doka kuma ta yarda a tura kuɗin zuwa yankin da ke maƙwabtaka da shi kawai. Inda gidaje ba sa tsada, asusu ba ya cika. Talaucin unguwanni irin Englewood shi ne hujjar da aka kafa dokar a kanta, amfanin kuwa yana sauka a wani wuri: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Pilsen

Pilsen ta nuna ɗaya fuskar. Unguwa ce ta 'yan asalin Meziko, dab da tsakiyar gari. Da aka shata yankin masana'antunta a 1998, mazauna sun yi zanga-zanga, kuma a wannan gwagwarmaya aka haifi ƙungiyar Pilsen Alliance. Binciken John Betancur na Jami'ar Illinois da ke Shikago ya nuna unguwar ta rasa mazauna 'yan asalin Latin Amurka sama da 10,000 tsakanin 2000 da 2013. A takardun harajin da suka fito a 2022, matsakaicin abin da mai gida yake biya a yankin ya tashi da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Ba TIF kaɗai ya jawo haka ba. Kusanci da tsakiyar gari da jirgin ƙasa sun taka rawa. Amma mai gidan da harajinsa ya hau, kan ɗan haya yake sauke shi, asusun TIF kuma daga irin wannan hawan daraja yake ƙiba.

A 2024 aka kawo shawarar faɗaɗa yankin ya haɗa da gidajen zama. Kansilan mazaɓar, Byron Sigcho-Lopez, wanda ya taɓa jagorantar Pilsen Alliance, ya goyi baya, da hujjar cewa tunda darajar tana hawa ko ana so ko ba a so, gara a kama kuɗin a gina gidaje masu sauƙin haya a gyara na tsofaffin mazauna. Mazauna da yawa suka ƙi. Hujjar kansilan tana da ƙarfi, kuma a ganin wannan maƙala ita ce hanya mafi ma'ana ta amfani da TIF a unguwar da take tsada. Ƙin da aka yi ya samo asali ne daga wani abu da doka ta bari a buɗe: ana sauraron jama'a kafin a shata yanki, kwamitin hukumomin haraji yana ba da shawara, amma da zarar an shata, babu abin da ya ɗaure birnin ga alƙawarin da aka yi a zauren taro. Kansila yana yin shekara huɗu ne kafin sabon zaɓe, yanki kuwa 23. Mutumin da ya yarda da kansilan yau, yana sa hannu ne a kan abin da kansiloli biyar masu zuwa za su yi.

Abin da ya sauya, da abin da ya rage

Tun 2009 doka ta tilasta wa birnin wallafa takardun TIF a intanet. A Afrilun 2024 majalisa ta amince wa magajin gari Brandon Johnson ya ciyo bashin dala biliyan 1.25 don gidaje da raya kasuwanci, a biya da harajin da zai dawo baitulmali yayin da yankuna da dama suke ƙarewa. Wannan ya warware ƙullin da ya fi cutar da Englewood, domin kuɗin ba ya ɗaure da inda aka tara shi. Kalifoniya, wadda ta fara tsarin, ta yi abin da ya fi haka, ta rushe hukumomin sake gina biranenta a 2012.

Abu biyu na nan ba a taɓa ba. Har yanzu birnin da ke son shata yanki shi ne yake ɗaukar masu nazarin da za su tabbatar masa cewa yankin ya lalace kuma ba zai ginu ba sai da tallafi. Ya kamata wannan hukunci ya koma hannun wata hukuma ta jiha da ba ta da kaso a asusun. Sannan kason da za a kashe kan gidajen masu ƙaramin ƙarfi ya kamata a rubuta shi cikin dokar da ta shata yankin, tare da bai wa mazauna hurumin zuwa kotu idan aka saɓa, hurumin da aka hana masu ƙarar 2019.